Irin Geron da Na'urar Kwastan Ta Haska

Shekarun baya, a ɗaya daga cikin shekarun nan na fari da suka riƙa zuwa mana bi da bi, damina ta yanke mana tun gero yana bununi. Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Isa da Sabon Birni. Gonakinmu jigawa ce, in ruwa ya ɗan yi nisa sai ƙasa ta koma kamar ba a taɓa yi mata shi ba. Abin da muka girbe a wannan shekarar bai kai mu tsakiyar rani ba. Kafin bazara ta kama, mata sun koma jiƙa dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da sai an yi ta sake musu ruwa kafin su ciwu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne maganar iri. Kowane magidanci a wurinmu yana ware zangarniyoyin da suka fi kyau tun a gona, ya ɗaure su dabam, ya sa a can ƙuryar rumbu. Ba a taɓa su ko da suna ake yi a gidan. To a wannan shekarar, gida-gida aka riƙa sauko da su ana sussukawa, kowa yana yi yana ɓoye wa maƙwabcinsa, don babu abin kunya ga manomi kamar a ce ya cinye irinsa. Sai da gabas ta fara haɗa gajimare, magidanta suka zauna bakin masallaci, aka dubi juna, sannan gaskiya ta fito. Kusan kowa ba shi da abin da zai zuba a ƙasa.

Geron da ke kasuwar Isa a lokacin na ci ne, gauraye, yawancinsa daga kudu aka kawo shi, irin mai son dogon ruwa. Mu kuwa mai saurin nuna muke so, wanda ko damina ta sake gajarcewa zai kai. Aka ce akwai shi a can gaba da Maraɗi. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, wani akuya, wani 'yan kaji, aka kai kasuwa. Ni aka zaɓa in tafi, don ina ɗan taɓa fataucin albasa a wancan gefen, kuma na iya gaisuwa da Faransanci, wanda a ƙauyenmu ya isa a kira mutum masani.

Na je, na samu irin, mai kyau, ƙwayarsa cike. Na kuma sayo wa kaina 'yan ruwan hauya wurin maƙeran can, na naɗe a tsumma. Saura hanyar dawowa. A Maraɗi na haɗu da wani abokina, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara, yanzu direban tirela ne. Yana lodin aya, kuma ya ce zai biya ta gida ya ga iyali kafin ya wuce kudu.

“Kawo buhunanka mu aza bisa,” in ji shi. “Amma hwa ka sani, ni ba ni bin daji. Kayana na takarda ne. Ta babbar tasha za mu bi, mu faɗo Ƙaura, mu hau Shinkafi. In kana sauri, ga jakai can.”

Na ce masa wanda aka ɗauka kyauta ba ya zaɓen hanya.

A babbar tashar kwastan ta bakin iyaka na fara ganin abin da direbobi ke kira sikana. Tun muna cikin layi suke ta hirarta. Wani ya ce tana shan jinin mutum, wani ya ce wanda ya tsaya kusa da ita ya yi sallama da haihuwa. Suna faɗa suna dariya, suna shan shayi, babu wanda ya juya da motarsa. Ni dai na baza kunne ina kwasa.

Da layi ya zo kanmu, aka sa abokina ya tsayar da motar a wani fili da aka kewaye da igiya, aka ce kowa ya sauka ya koma bayan igiyar. Na'urar tana bisa wata mota ce, tana da hannu dogo na ƙarfe da ya tsallake saman tirela ya sauko ta ɗaya gefen, kamar ƙofar gari. An manna mata wata alama rawaya mai fukafukai uku. Ma'aikatan wurin kowa yana da ɗan wani abu maƙale a ƙirji kamar laya.

Jami'in da ke duba takardunmu Bayarabe ne, amma Hausa a bakinsa kamar a Sakkwato aka yanke masa cibiya. Yana ɗaga kai ya ga tsagen fuskata sai ya ajiye biro.

“Kai, Bagobiri! Wa ya ba ka izinin fita ƙasar waje ba ka gaya wa ubangidanka ba?”

Kun san tsakaninmu da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Na ce, “Yallaɓai, yaushe ubangida ya fara neman izini ga bawansa? Ai ni na bar ka nan ka yi mani gadin ƙofa. Ga shi kuwa ka riƙe amana.”

Ya yi dariya har da buga tebur. Wannan wasan ne ya ba ni bakin tambaya. Na ce masa buhunan da ke sama iri ne, na mutanen gari guda, ina tsoron kada abin nan ya ƙone shi.

Ya ce, “Ka taɓa zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinka?”

Na ce an taɓa, lokacin da na yi dogon tari.

“To ka ƙone?”

Na ce ga ni dai.

Sai ya yi mani bayani a natse. Ya ce a cikin wani akwatin ƙarfe mai kauri da ke gefe ɗaya akwai wani ɗan abu da ke fitar da haske wanda ido ba ya gani, gamma ake ce masa. In an buɗe masa 'yar kafa, hasken ya ratsa jikin mota da kayan da ke ciki, ya faɗa kan wancan hannun da ke ɗaya gefen, shi kuma ya aika hoto cikin kwamfuta. Inda kaya ke da nauyi da tauri, kamar ƙarfe, haske kaɗan ke wucewa, wurin ya fito baƙi. Inda ba su da tauri ya fito fari-fari. Ya ce hasken wucewa yake yi, ba ya zama cikin kaya, kuma abin da ke taɓa buhu a wucewa ɗaya bai kai ya yi wa ƙwayar hatsi komai ba. Ana nisantar da mutane ne don babu dalilin da za a haska mutum a banza, su kuma da ke wurin kullum, wannan abin na ƙirjinsu shi ke auna abin da jikinsu ya ɗauka.

“A wasu ƙasashe,” in ji shi, “jirgin ƙasa ake yi wa haka. An kafa abin a gefen dogo, jirgi yana tafiya a hankali, tarago na bin tarago, ana ganin cikin kowanne ba a buɗe ko ɗaya ba.”

Ni da na san jirgin Ƙaura tun ina saurayi, na san yadda ake wuni ana sauke tarago guda, sai na riƙe baki.

Aka busa jiniya, wata fitila ta kama walƙiya, na'urar ta bi tirelar daga kai har wutsiya, a hankali kamar mai rakiyar amarya. Kafin in gama addu'ar da na fara, an gama. Jami'in ya yafuto ni zuwa bakin tagar ɗakin da kwamfutar take. Ga motar abokina nan kwance a allo kamar an feɗe ta. Ga tayoyi, ga buhunan aya jere kamar hayaƙi, ga nawa a sama. A tsakiyar nawa kuma ga wasu abubuwa baƙi ƙirin, masu baki kamar wuƙaƙe.

“Bagobiri, yaƙi za ka koma yi Alkalawa?”

Ruwan hauyata ne da na cusa tsakanin buhuna. Aka hau, aka ɗaga tamfol daidai wurin, aka zaro ƙunshin, aka duba, aka mayar. Ba a taɓa sauran kayan ba. Abokina ya ce da can sai a sauke rabin mota, a yi ta soke buhuna da ƙarfe, aya tana zuba, mutum ya kwana a wurin. Na bar tashar nan raina fari, ina jin na ga abin da babu wanda ya taɓa gani a ƙauyenmu.

Wannan jin daɗin ne ya kai ni ya baro. Mun iso, aka kwaso buhuna daga Isa a amalanke, aka raba wa kowane gida rabonsa da tiya. Bayan la'asar aka zauna gindin bedi bakin masallaci, aka ce in ba da labarin hanya. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son a saurare ni. Na gyara zama, na fara. Na kawo jiniya, na kawo igiyar da aka kore mu bayanta, na kawo alamar nan mai fukafukai uku. Na ce haske ne da ke huda ƙarfe kamar allura cikin tsumma. Na ce su kansu ma'aikatan sai da laya a ƙirji suke kusantarta. Da na ga bakuna sun buɗe, sai na ƙara da abin da na kwaso wurin direbobi, na shan jini da na yanke haihuwa, ina yi ina dariya. Bayanin Bayaraben nan kuwa na bar shi a baya, don ba ya da gishiri.

Akwai wani dattijo a garinmu, Allah Ya jiƙansa, ba ya yawan magana, amma in ya yi ta sai ta zauna. Yana jan carbi ya ce, “Ɗana, tsaya. Kac ce an fidda ku daga motar?”

Na ce, “Ƙwarai, Baba.”

“Don kada hasken shi taɓa mai rai.”

“Haka ne.”

“To irin hwa? Shi an fidda shi?”

Na ce ba a fidda shi ba. Ya ce, “Ai iri mai rai ne. Barci kawai shikai.”

Nan na shiga kawo bayanin da na bari, na hoton asibiti da na wucewar haske. Amma magana tana da lokacinta. Da na faɗe shi tun farko, da ilimi ne. Yanzu da na kawo shi bayan tambaya, sai ya yi kama da kame-kamen wanda ya ɓata kayan mutane. Abokina ya so ya taimake ni. Ya ce, “Jama'a, ni nan motata ta bi abin nan ya fi a ƙirga, ina tsaye gefe. Ku tambayi gidana, bara anka yi suna, ga wani kuma tafe. In haka ne yanke haihuwa, don Allah a ƙara mata ƙarfi.” Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wani ya ce masa, “Kai ai bayan igiya kake tsayawa.”

Washegari labari ya gama gari, kuma ya yi ƙiba a hanya. A bakin rijiya an ce wutar lantarki aka bi da irin ta ciki. A wani gida an ce na ga buhunan suna hayaƙi. Abokina ya koma bakin aikinsa ya bar ni da jama'a.

Mahaifiyata ta kira ni ta ce a gwada irin a kasko mana, kowa ya huta. Na ce, “Inna, ni da na gani da idona, ma'aikacin gwamnati ya yi mani bayani, sai in koma gwaji kamar mai shakka? In na gwada ai na yarda da maganarsu ke nan.” Ta dube ni ta ce, “Girman kai dai ba shi tsirowa.” Ta ƙyale ni. Sai da ta ga maganar ba ta mutuwa, ta ɗebi yashi a wani fasasshen kasko, ta barbaɗa irin daga rabona, ta yayyafa ruwa, ta tura shi gindin randa inda ke da sanyi. Da na bari an yi haka tun ranar da ta faɗa, da labarin nan ya ƙare a nan.

Wanda abin ya fi damuna da shi yayana ne, wanda muke gida ɗaya, kowa da sashensa. Iyalinsa sun fi nawa yawa, rumbunsa kuma ya riga nawa ƙarewa. Na same shi zaune ƙofar ɗakinsa, ƙwaryar irin a gabansa, yana ɗiba yana zubarwa ta tsakanin yatsu.

Na ce, “Yaya, wallahi irin nan lafiya lau yake.”

Ya ce, “Kai ka san haka, ko an gaya maka?”

“An gaya mani, kuma na yarda.”

“To ka gani. In na zuba shi ƙasa bai fito ba, na yi biyu babu, ba shuka ba tuwo. In kuwa na ba ɗiyan nan sunka ci, ko mi ne ne dai ya shiga cikinsu. Kai ka ji kukan ƙaramar jiya?”

Na ji. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. A nan na fara gane cewa ba tsoron na'ura kaɗai ke aiki a garin ba. Mutanen da suka daɗe da yunwa an ajiye musu hatsi a ɗaka an ce kada su taɓa. Abin da ya tsare hannunsu shi ne sunan iri. Ni kuma da bakina na ba su dalilin cire masa wannan suna.

A ranar da mahaifiyata ta sa kaskon, a ranar hadari ya taso da yamma, baƙi, daga gabas. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na fita bayan gida na tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce kamu guda. Ruwan shuka ne, babu tantama. Wanda bai san jigawa ba zai ce a jira kasko ya nuna. Amma ƙasarmu ba ta jira. In ba ka shuka da safen da ya biyo ruwa ba, rana ta yi mata duka ɗaya biyu, sama ta bushe, sai ka jira wani ruwan, wanda a irin waɗannan shekarun ba wanda ya san ranar zuwansa.

Tun hantsi bai yi ba na saɓa sungumi. Na bi ta tsakiyar gari da gangan, matata da 'ya'yana a baya da ƙoren iri, ina gaisawa da mutane da ƙarfi don kowa ya gani. Wasu gidaje suka biyo ni. Wasu suka ce za su jira kaskon tsohuwa. Ina sara, iyali suna zubawa suna rufewa da diddige. A nan za ni gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a ranar. Duk bugun ƙirjin da nake yi, na ce wa matata ta cika hannu, kowane rami a zuba fiye da yadda aka saba. Ta ce, “Ba kai ka ce lafiya lau yake ba?” Na ce, “Ke dai zuba.” A raina ina cewa ko rabi ya mutu, rabi ya fito.

Da muka dawo da azahar, tun daga zaure na ji ƙarar turmi daga sashen yayana. An daɗe ba a ji wannan sautin a gidanmu ba. Surfe ake yi. Na tsaya riƙe da sungumi kamar an dasa ni. Yara suna ta tsalle a tsakar gida.

Da yamma aka kawo wa mahaifiyata tuwo a akushi daga sashensa. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta ce wa matar yayana, “Mai da wa yara su ƙara. Ni ba ni cin baɗi tun bana.” Ba ta kira shi ta yi masa faɗa ba. Ni ma da aka kawo mani nawa ban iya ci ba, amma ban ga laifinsa ba. A ranar ban ji kukan ƙaramar ba.

Ba a daɗe ba kasko ya yi magana. Mahaifiyata ta jawo shi daga gindin randa, ga tsiro nan cunkus kamar gashin jariri. Ta ba jikarta ta ce ta kai bakin masallaci ta ajiye. Dattijon nan ya sa aka miƙo masa, ya duba, ya shafa da yatsa, ya ce, “Ashe barcinsa bai yi nauyi ba. Ɗana, mun ɗauki alhakinka.” Na ce, “Baba, bakina ne ya ɗauki alhakin kowa.” Gonata ma ta fito layi-layi, har mutane suna zuwa kallo.

Waɗanda suka jira suka yi ta cizon yatsa, don ƙasa ta riga ta bushe. Ruwa na biyu ya yi nisa har an fara fita roƙo, sannan Allah Ya kawo shi, suka shuka a makare. Yayana kuwa abin da ya rage masa bai fi ya rufe kusurwa ɗaya ta gonarsa ba. Sauran ta tsaya fili fetal, ciyawa tana cin rabonta. Ya daina zama gindin bedi. In ya yi salla sai ya zura takalmi ya wuce. In mun haɗu a zaure, gaisuwa kawai.

Ni kuma ga tawa matsalar. Cika hannun da na sa aka yi ya sa kowane rami ya fito da tsiro fiye da kima, suna ta cin juna. Dole a yi cira, wato a rage su a bar 'yan kaɗan masu ƙarfi. Abin da aka cire yawanci awaki ake zuba wa, sai dai in akwai gurbin da bai fito ba a dasa a ciki. Ina tsaye ina kallon gonar sai na ga ai abin da za a cire a nan ya isa ya rufe wata gonar.

Amma ƙane ba ya zuwa wurin wansa ya ce zo in taimake ka, balle a kan abin da ya riga ya ji kunyarsa. Na kai wa mahaifiyata maganar. Ta ce, “Kai dai ka iya ɓata magana. Wagga bar mani ita. Ka je ka roƙe shi aiki, kada ka ce komai bayan haka.”

Na jira ranar da aka kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi, don dashe ba ya kamawa sai ƙasa tana jiƙe. Na je ƙofarsa na durƙusa. Na ce, “Yaya, gonata ta fi ƙarfina. Na yi wauta wurin shuka, na cika iri, yanzu ga shi zai kashe kansa. Ka taimaka mani da hannu, kai da yara.”

Ya ce, “Kai da ka je ƙasar waje, shuka ma ba ka iya ba?”

Na ce, “Faransanci ya kore ta.”

Ya ɗan murmusa, ya shiga ya ɗauko hularsa ta gona.

Muna cikin cira, an tara tsiron tuli-tuli a bakin kunya, sai ga mahaifiyata tafe da sandarta, ita da ta daɗe ba ta taka gona ba. Ta tsaya kan tulin, ta tona shi da sanda.

“Wanga hwa, ina za ku kai shi?”

Na ce, “Awaki, Inna.”

“Awaki! A shekara irin wagga? Don ubanku ba shi da rai shi ya sa kuke almubazzaranci?” Ta juya ga yayana. “Kai babba, kana tsaye ƙanenka zai zubar da abinci? Ku kwashe shi ku kai waccan gonar da ke zaune banza. Ban son in ji wata magana.”

Yayana ya san abin da ake ciki, ni ma na san ya sani. Ya sunkuya ya ɗauki dami ɗaya na tsiron, ya karkaɗe, ya murɗe kan ganyen ya yanke kamar yadda ake yi kafin dashe. Ya ce, “To, tunda Inna ta ce.”

Muka wuni muna kai da kawo tsakanin gonakin biyu, mata da yara da kowa, ana huda ƙasa da sanda ana sa tsiro ana dannewa da ƙafa. Maƙwabta biyu da suka ga abin da ake yi suka shigo ba a kira su ba. Da farko dashen ya kwanta kamar ya mutu, ganye ya yi yaushi, har na fara jin tsoro. Da aka sake samun ruwa sai ya miƙe.

Ba za ni ce muku gonarsa ta yi kamar tawa ba. Dashe dashe ne, zangarniyarsa ba ta kai ta shuka, wani wurin ma bai kama ba. Amma ya girbe abin da ya riƙe gidansa har ya tafi ci-rani ya dawo, bai sayar da gona ba kamar yadda wasu suka yi a wannan shekarar. Ranar da muke ɗaurin damma, na gan shi yana bi yana zaɓen zangarniyoyi masu kyau yana warewa gefe. Ya ɗaure su tamau, ya kawo ɗakin mahaifiyata ya ce a rataye masa a can. Ya ce, “Inna, ko na zo ina kuka kada ki ba ni.” Ta ce, “Ko ba ka faɗa ba.”

Yau su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya yi musu rahama. Jikokin wannan geron har yanzu su muke shukawa. Na'urar kuwa na sake bi ta wurinta sau da yawa bayan haka, da albasa da wake, ban taɓa ganin ta ɓata ko ƙwaya ba, kuma in an ce gobe za a kafa irinta a bakin dogo tana duba taragu, ni mai cewa a kafa ne. Aikinta take yi, ta hutar da mutane sauke kaya, ta kuma tona abin da aka ɓoye.

Abin da ya rage mani daga wannan shekarar shi ne na san nauyin bakin wanda ya je ya gani. Mutanen da suka aike ka ba su da ido a wurin sai naka. In ka dawo ka ba su rabin da ya fi daɗin ji, da wannan rabin za su yanke shawara, wani kuma abincin 'ya'yansa na shekara zai aza a kai. Ku da kuke yawo yanzu kuna ganin abubuwan da iyayenku ba su gani ba, don Allah in kun koma gida ku fara da bayanin da ba ya da gishiri. Dariyar tana iya jira har a gama shuka.